Shatin da Ke Hannun Yaya Hajara

Duk faɗin ƙasar Ikara, kai har ka haɗa da Makarfi da Kudan, ban san wani mahaluki ba bayan ni da ya taɓa tare ƙwallon da 'yar wasan ƙasar Rasha ta doka da iyakar ƙarfinta, kuma ya rayu har ya yi furfura yana ba da labari. Na faɗa a majalisa, na faɗa a motar haya, na faɗa wa surukaina ranar da na je gaisuwa, kuma har yau ba wanda ya zo mini da nasa labarin da ya kai wannan. Abin ya faru ne wata Laraba da tsakar rana, cikin bazarar shekarar da nake aji huɗu a firamaren garinmu Furana, irin ranar da ƙadangare ke ɗaga ƙafa ɗaya ta huta kafin ya ajiye ta ya ɗaga ɗayar. Ina tsaye kan wani fasasshen turmi a gindin katanga, da laya a wuya, da wata a damtse. To amma kafin in kai ku kan turmin nan, dole in fara da yayata Hajara, don ita ce ta kai ni can.

Yaya Hajara tana aji shida a lokacin, kuma Allah ya ba ta tsawon da bai ba kowa ba a zuriyarmu. Mu gajeru ne tun daga kakanni, irin mutanen da ke neman tudu kafin su hau jaki, sai ga ta ita kaɗai ta miƙe kamar karan rake. Ita ake kira in kaza ta hau kan rumbu, ita ke ciro tsamiya ba tare da sanda ba. A makaranta yara na kiranta falwaya, in an fita tara ana 'yar gala-gala ba mai son shiga da ita, wai taku ɗaya take ƙetare gida uku. Saboda haka ta koyi tafiya a duƙe, kafaɗa a rufe, kai a ƙasa, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Aikinta ne surfe da daka da ɗebo ruwa, kuma da yake lokacin sharar gona ne, in an tashi makaranta ita ke kai wa Baba fura a gonarmu ta gabas. Ƙwaƙwalwa kuwa tana da ita. Saura 'yan makonni ta zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma Baba ya riga ya ce in ta ci za ta tafi.

A kan hanyar gonar nan akwai wani wuri da muke kira Sito. Tsohon ma'ajin auduga ne tun lokacin da ake sayen auduga a garinmu, da doguwar katanga kewaye da shi, da wata ƙatuwar kuka a ciki wadda ba wanda ya san shekarunta. Kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda maganarta ce doka a gidan, tana da ka'ida a kan wurin: "Kada ka bi ta Sito rana tsaka, kuma in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kira ba, kada ka amsa." Kowa a Furana ya san tsakar rana lokacin mutanen ɓoye ne, lokacin da suke fitowa da 'ya'yansu shan iska, shi ya sa ko ruwan zafi ba a watsarwa sai da bisimilla. Mutum ɗaya ne ke kwana a cikin katangar, wani malamin gona da aka turo mana, wanda aka ce ya yi shekaru yana karatu a ƙasar da ruwa ke zama dutse. Shiru-shiru ne, da sassafe yake fita kan babur, sai yamma ya dawo. Ke nan da rana babu kowa a Sito. Haka dai muka sani.

Sai aka fara jin ƙara. Dum. A yi shiru. Dum. Ba irin ƙarar daka ba ce, don daka tana da kiɗa, wannan kuwa kamar ana dukan cikin wani abu mai rai ne. Ba ta farawa sai rana ta take, kuma kafin a kira azahar ta ɗauke. Wani Bafulatani mai kiwo ya rantse a bakin masallaci cewa ya ga kai ya taso sama da katangar, fari fat, da gashi kamar gemun masara, ya tsaya a iska, sannan ya nutse. Katangar nan fa ko Yaya Hajara ba ta ganin bayanta. Ya ce shanunsa ma sun ƙi bi ta wurin. Mu yara muka ƙara wa labarin gishiri, ni da kaina na ba kan nan ƙaho biyu, amma a zuciya kowa ya tsorata, har masu zuwa gona suka buɗe sabuwar hanya ta cikin fadama.

A daidai kwanakin nan ne Yaya Hajara ta fara canzawa. Da farko ta daina duƙawa. Ta miƙe tsaf, har ta bugi ƙofar zaure da goshi, ta yi dariya. Sannan ta fara tsalle ba dalili, tana cikin share tsakar gida sai ka ga ta yi taku uku ta tashi sama ta mari reshen darbejiya. In tana daka sai ka ji tana ƙirga wasu kalmomi da ba Hausa ba, ba Fillanci ba, ba kuma Turancin makaranta ba. Furar Baba ta riƙa isa gona a makare, ta yi tsami. Kaka tana ta kallo, sai ranar da Yaya ta miƙo mata ƙwarya, ta damƙe hannun ta juya shi. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ta ciki, fatar ta kumbura ta yi duhu, jini ya kwanta tabo-tabo, kuma a hannu biyun duka, daidai wa daida. Ba shatin bulala ba ne, ba cizon ƙwaro ba. Kamar dai wani mai manyan yatsu ya riƙe ta ya ja.

Kaka ta tambaye ta wa ya riƙe ta. Ita kuwa Yaya, da yake ba ta iya ƙarya ba, ta faɗi gaskiya tsagwaronta, kuma gaskiyar ce ta rusa komai. Ta ce wasa take yi da wata mata a Sito. Wace irin mata? Fara, doguwa, ta fi ta tsawo nesa. A ina take zama? A gindin kuka. Yaushe take fitowa? Rana tsaka. Me take ce miki? Ba ta jin Hausa, amma muna gane juna. Ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Kaka. Duk tsohuwar da ta san abin da ta sani, ta san wace ce farar doguwar mace mai zama a kuka, wadda in ta so yarinya take fara jan ta da wasa. Kaka ba ta ambaci sunanta ba, don ba a ambata, ta dai ce a kawo garwashi. Har dare gidanmu na warin hayaƙin sassaƙe, ni da ban yi laifin komai ba na sha rabona har ido ya yi ja.

Washegari Kaka ta aika Dandamisa, ɗan aikenta, wurin wata tsohuwa mai girkar bori, aka dawo da amsa cewa ranar Juma'a za ta zo ta tafi da yarinyar. Girka ba abin kwana biyu ba ne. Ke nan jarrabawa ta wuce, kuma ko ta dawo, sunanta ya zama mai iska har abada, a rijiya da kasuwa da ko'ina. Baba mutumin masallaci ne, ba ya son harkar, ya fi yarda da rubutu da addu'a, amma bai taɓa ɗaga murya gaban mahaifiyarsa ba. Abin da ya iya shi ne ya je Sito neman malamin gona. Sau biyu yana zuwa, ya tarar da ƙofa a rufe, babu babur, ashe mutumin ya tafi rangadi wajen ƙauyen Taba. Baba ya gaya mana, murya ƙasa-ƙasa, cewa da ya yi sallama sai ƙarar ta tsaya cak, ya ji kamar ana numfashi a bayan ƙofar, amma ba a amsa ba. Tun daga nan shi ma ya daina musu. Aka hana Yaya fita, ta zauna a ɗakin Kaka da littattafanta a cinya, ba ta karantawa, ba ta kuka, ta dai koma duƙawarta ta da.

Ranar Laraba Kaka ta ɗan kishingiɗa bayan hantsi, barci ya ɗauke ta. Da ta farka, tabarmar Yaya babu kowa. Daga nesa kuma, ta gabas, dum. Kaka ta ɗaura mini layu biyu, ta tofa mini addu'a a ka, ta ce in ruga gona in kira Baba, in bi ta fadama. Ni kuwa na lissafa nisan fadama, na lissafa zafin ƙasa a tafin ƙafata, na bi ta Sito. A majalisa nakan ce jarumta ce. Garin ya yi tsit, ko kurciya ba ta kuka, awaki sun lafe a gindin danga kamar an zana su. Kukar ba ta da ganye ko ɗaya, 'ya'yanta na reto kamar ɓeraye da aka rataye ta wutsiya. Ina isa gindin katangar na ji dum, har cikin haƙorana, sannan na ji abin da ya fi ƙarar ban tsoro, wato dariyar Yaya Hajara, wata irin dariya sakakkiya da ban taɓa jin ta yi a gida ba. Na ga fasasshen turmin, na hau, na ɗora haɓa a kan katanga.

An ɗaura igiya daga kukar zuwa ginshiƙin siton, da wata raga tana lilo a jikinta. A gabanta kuwa ga matar. Fara kamar ɓararren rogo, tsawonta ya wuce abin da ya kamata a ba ɗan Adam, gashinta a ɗaure ta baya. Na duba ƙasa, wallahi ba ta da inuwa. Sai bayan shekaru na lura cewa a tsakar ranar bazara ni ma ba ni da ita, amma a ranar ba wanda ya gaya mini. Ina kallo ta yi taku, ta tashi sama ba tare da ƙara ba, ta tsaya a can kamar an rataye ta, bayanta ya lanƙwashe kamar baka, ta saki hannu. Dum. Ƙura ta tashi. Yaya ta ɗauko farin ƙwallon ta jefa mata, ita kuma ta tare shi da yatsunta goma ta tura shi sama a hankali, sannan ta juyo da fuskarta daidai inda nake. Idanunta irin na kyanwa ne. Na runtse nawa, na fara karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga bayi. Ban kai ƙarshe ba duniya ta fashe a tsakiyar fuskata.

Da na farfaɗo, sai na ga Furana daga sama. Na ga kan dangogi, na ga barkonon da aka shanya a kan rufin ɗakuna, na ga takalmina da ya ɓace tun bara a kan rumbun maƙwabta. Na ɗauka an riga an tafi da ni. Ashe a kafaɗarta nake, ta saɓo ni kamar buhun dusa, jini na ɗiga daga hancina a bayan rigarta, wandona kuma a jiƙe da abin da nake cewa gumi ne. Yaya na biye da mu a guje. Mata suka watsar da tulu, wani dattijo ya shige akurkin kaji, liman da kansa ya tuna yana da uzuri a cikin gida. Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba. Kaka ta tsaya a ƙofar zaure, 'yar mitsitsiya da ita, da kaskon turare a hannu, hayaƙi na tashi tsakaninsu. Matar ta sunkuya ta ajiye ni a gabanta, ta faɗi wasu kalmomi, ta dafa ƙirji.

Kaka ba ta dubi fuskarta ba, ƙafa ta duba. Kowa ya san mutanen ɓoye na iya aron fuska da murya, amma ba sa iya ɓoye kofato. Ta nuna takalman da sandarta, ta ce wa Yaya, "Ce mata ta cire." Yaya ta kwatanta da hannu. Matar ta zauna kan dakali, ta kwance igiyar takalmin, ta zare safa. Waɗanda suka ɓuya suka fara leƙowa ta kan danga. Ƙafa ce ta mutum, doguwa, yatsun a karkace, farcen babban yatsa ya mutu ya yi baƙi. Da ta naɗe wandonta sai ga gwiwa da wani dogon tabon ɗinki kamar an faci buhu. Kaka ta matso ta taɓa tabon da yatsa, ta kama hannuwan matar ta juya su kamar yadda ta juya na Yaya. Wurin ya yi kanta, ya taurare kamar fatar ganga. Ta jawo hannun Yaya ta jera su, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa aka kawo ruwa a moɗa, matar ta shanye tas, ta yi gyatsa. Wani daga bayan danga ya ce, "Ai kuwa mutum ce."

Bayan la'asar malamin gona ya dawo, ya zo gidanmu da hula a hannu yana ba da haƙuri. Matarsa ce, ya auro ta a can Rasha, ta zo ta ɗan zauna da shi, kuma ya ce kada ta buɗe wa kowa in ba ya nan. Shi ya ba mu labarinta, tana zaune gefe tana murza gwiwa. Ya ce tun tana ƙarama wasu mutane masu zagaya makarantu suna auna yara suka ga tsawonta, suka ɗauke ta daga gaban iyayenta zuwa makarantar da ba a komai sai ƙwallon raga, safe da yamma, sanyi da zafi. Ta buga wa garinsu, ta buga wa ƙasarta, ta shiga jirgi zuwa ƙasashen da shi ma bai san su ba, dubban mutane na kiran sunanta. Rannan ta yi tsalle ta sauko, gwiwar ta tsinke. Kafin ɗinkin ya warke an ba wata yarinya rigarta. Ya ce likita ya hana ta tsalle, shi ma ya yi magana har ya gaji, amma kullum in lokacin da suka saba atisaye ya yi, ba ta iya zama, sai ta fita ta buga, ko da ita kaɗai ce da bango. Rannan ƙwallon ya tsallake katanga, wata doguwar yarinya mai ɗauke da fura ta jefo mata shi.

Kaka ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Mutum ce, na ga ƙafarta. Amma kada wanda ya ce mini babu abin da ya kama ta. An ɗauke ta tana yarinya, an sha ƙarfinta, an yar da ita, kuma har yau in an kira ta rana tsaka sai ta amsa." Ba wanda ya yi dariya, malamin gona ma ƙasa ya duba. Baba ya tambaya a hankali, to Hajara fa, da maganar Juma'a? Kaka ta dubi Yaya, wadda ke tsaye a miƙe ba ta sani ba, ta ce wannan iskar ba ta girka ba ce, a aika Dandamisa a ce tsohuwa ta yi zamanta, yarinya kuma ta je makarantar, tunda can ne masu irin ciwon suke taruwa. Ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗanya a gwangwani, ta miƙa wa matar, ta nuna gwiwa.

Da ruwa ya sauka aka yi wa malamin gona canjin wurin aiki, suka tafi, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Sunanta ma ba mu riƙe ba, ya fi ƙarfin harshenmu. Ta bar wa Yaya ƙwallon. Yaya ta ci jarrabawa, ta tafi, ta buga wa makarantarsu, yau malama ce a Makarfi, tana koya wa 'yan mata tsalle, kuma ba ta ƙara duƙa wa kowa ba sai a sallah. Sai dai ƙarar ba ta bi su ba. Bazarar da ta biyo, Sito a rufe, babu kowa, rana na take muka ji dum. Baba ya ce kwanon rufi ne ke miƙewa saboda zafi. Kaka dai ta ci gaba da hana mu bi ta wurin.

Yanzu yaran gidana a waya suke kallon ƙwallon raga, su kwanta a kan kujera fanka na kaɗa su, 'yan matan Rasha na tashi sama a tafin hannunsu, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Nakan karɓi wayar in ƙura wa masu zama a gefen fili ido, tsofaffin, ko zan ga wata mai murza gwiwa. Bara na je Furana, na bi ta Sito da gangan. Katangar ta zube, an kwashe kwanon rufin tuntuni, ko guda bai rage ba, kukar ce kaɗai ke tsaye. Na tsaya har inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata. Ba zan ce muku na ji wani abu ba. Zan dai ce ban tsaya jiran na biyu ba, kuma na yi kewar lokacin da garinmu ke da wurin da ake tsoro.

Kwanan baya a wajen sunan jikar Yaya, na tara matasa ina ba su labarin, na kai daidai inda nake cewa ƙwallon da ya durƙusar da ƙasashe ni na tare shi ban ko gusa ba. Ashe Yaya tana bayana da tire a hannu. Ta ajiye shi, ta dube ni daga can sama inda take, ta ce, "Ɗanjuma, shekara da shekaru ina ƙyale ka. Ita ɗaga mini ta yi, ni na doka, kuma ranar ce ma na fara gwada dokawa."